Ranar da Mai Wanki Ya Ba da Waƙar Taru

Ku matso kusa, shayin bai huce ba tukuna, bari in ba ku labarin yadda aka ba da auren Haesun, 'yar Kyaftin Pyo. Ba ji na yi ba, ina wurin, da kwanona a hannu.

Haesun ta tafi karatu Seoul, ta dawo mana nan Solpo da zancen wani yaro mai suna Jinu. Yaron kirki ne, mai kunya, in ya gaishe ka har sai ka ji tausayin bayansa. Amma Kyaftin Pyo ya kafe. Cewa yake mutanen birni hannunsu laushi kamar awara, ba zai ba awara 'yarsa ba. Aka yi ta lallashi, da ƙyar ya yarda iyayen yaron su zo a ci abinci tare, a nan zai faɗi ko ya bayar ko ya hana. Duk gari ya san hanawa ce a bakinsa, dalili kawai yake nema.

To, uban Jinu, Maeng Dokbae, shagon wanki da guga yake da shi a Seoul. Maganar awarar nan ta kai kunnensa, kuma matarsa ce ta ba mu labarin yadda suka yi a gida.

"Ni za a ce wa awara?" in ji shi. "Ni da kakana ya tsufa a kan jirgi?"

"Kakanka a gonar kabeji ya tsufa, Baban Jinu. Na ga hotonsa, da kabejin a hannu."

"Kafin kabejin nake nufi. Ke dai ki zuba ido. Zan je in yi musu aikin teku a gaban garinsu, shi da bakinsa zai roƙe ni in karɓi yarinyar."

"Abin da aka ce ka yi shi ne ka zauna, ka ci shinkafa, ka yaba miya."

"Wannan aikin surukan wasu ne."

Suka sauka daga motar rana, a lokacin da myolchi ya cika teku, ƙananan kifin nan masu tsawon yatsa da sheƙi kamar azurfa. Mutumin ya sha farar kwat mai jerin maɓallan tagulla, guga ta kwanta a jikinta har tana ɗaukar ido, ga hular kyaftin da ya saya a tashar mota. Matarsa na biye da shi da kwalin kyauta, Jinu na can baya kamar wanda za a kai asibiti. Haesun ta tarbe su, ta ce mahaifinta bai shigo daga teku ba, su zo gida su huta.

"Huta?" in ji Maeng. "Ɗan teku ba ya hutawa jirgi na waje. Kai ni bakin ruwa, 'yata."

A bakin ruwan ya tarar da tsofaffinmu zaune a gindin tsohuwar ganuwa suna gyaran igiya. Ya ja numfashi mai tsawo, ya yi tari, ya ce iskar gida. Sannan ya dafa wani turken dutse, ya sunkuyar da kai.

"Jikina ya ba ni a nan kakana yake ɗaure jirginsa."

Tsoho Bang ya ɗago ido. "Sannu da zuwa, baƙo. Wannan bara aka kafa shi, don masu mota su daina faɗawa ruwa."

"Wurin nake nufi, ba dutsen ba."

"Wurin ma cike shi aka yi. Da can ruwa ne."

"To ai ka ji! A ruwa ake ɗaure jirgi ko a tudu?"

Tsoho Bang ya koma kan igiyarsa.

Ana cikin haka jirgin Kyaftin Pyo ya shigo, ya nutse har wuya saboda nauyi, tsuntsayen teku na bin sa da kururuwa. Shi myolchi maƙalewa yake yi a idon taru, hannu ba ya cire shi, sai kakkaɓa. Mazan jirgi su jeru a bakin gaɓa kafaɗa da kafaɗa suna janyo tarun, mutum ɗaya na ba da waƙa, saura na amshi, da kowane amshi su ɗaga su buga tare. Kifin ya zuba gabansu, cikin ragar da aka shimfiɗa tsakanin jirgi da gaɓa. Wanda kuwa ya tsallake kawunansu ya faɗo baya, tun kakannin kakanni ba na mai jirgi ba ne, na wanda ya tsinta ne. Shi ya sa da jin waƙar muke fitowa da kwanoni, mu tsofaffin mata, mu tsuguna a bayansu.

Dusik mai ba da waƙa ya ɗaga murya, aka amsa masa, "Heya-ca!" Kifi ya fara ruwa. Mu kuma muka duƙa tsinta.

Ashe Maeng ya ƙura mana ido.

"Maman Jinu, kina ganin abin da nake gani? Da rana tsaka! Mutum na can yana zufa, ana kwashe masa dukiya ta bayansa!"

"Baban Jinu, ba ruwanka."

"Ba ruwana? Dukiyar surukina?"

Kafin Haesun ta ce uffan ya faɗo cikinmu yana kaɗa hula kamar mai korar kaji. "Kai! Kai! Ku ajiye! Tsofai-tsofai da ku!" Muka tsaya muna kallonsa, don ba mu taɓa ganin irinsa ba. Ya duba wadda kwanonta ya fi cika, wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai ɗaurin kallabi, ya cafke bakin kwanon.

"Kawo nan, Iya. Ke ce shugabarsu, na gane ki."

Tsohuwar ba ta saki ba. "Kai kuma ɗan wane ne?"

"Ni surukin mai jirgin nan ne, in kina son sani."

"Tabɗijam! Yaushe aka yi bikin ban sani ba?"

"Ke wace ce da za a gaya miki? Sakar mini kwano, ko in kai ki gabansa yanzun nan."

"Kai ni, ɗan nan. Na daɗe ban ja kunnensa ba."

Haesun ta iso a guje tana haki. "Baba! Baba, kakata ce!"

Kaka Malsun ke nan, wadda ta haifi Kyaftin Pyo. Maeng ya saki kwanon da sauri har ya tuntsure, kifin ya zube masa a kan takalmi. Ya rusuna, ya sake rusunawa, hular ta faɗi cikin kifin.

"Iya, ai na sani! Gwada ƙarfin hannunki nake yi. Kai, hannu! Irin na gidanmu sak."

"Tsince mini," in ji ta.

Ya tsuguna ya tsince, ɗaya bayan ɗaya, mu muna nuna masa waɗanda ya bari.

Duk abin nan a kan idon Kyaftin Pyo. Ya ɗaga hannu aka tsayar da waƙa, ya tako a hankali, fuskarsa duk ɓawon kifi. Na san shi tun yana rarrafe, kuma ban taɓa ganin ya yi wa baƙo murmushi mai faɗi irin na ranar ba. Dalilin da yake nema ne ya zo masa da ƙafarsa, sanye da farar kwat.

"Maigida Maeng, barka da hanya. An ce kai ma jinin teku ne."

"Kaɗan-kaɗan, Kyaftin. Ina ta kallon aikin yaranka. Ba laifi, sai dai akwai nawa."

"Nawa?"

"Waƙar ce ta yi sanyi. Kuma bugun ba daga kafaɗa ake yin sa ba, daga wuyan hannu ne. Ni rayuwata duk a kakkaɓa ta ƙare. Bargo, labule, darduma, ba wanda ban fitar wa ƙura ba. Mene ne taru? Labule ne mai huji."

Mazan jirgi suka dubi juna. Jinu ya matso yana raɗa, "Baba, don girman kakanni, mu je gida."

"Bar mahaifinka, yaro," in ji Kyaftin. "Yau za mu ƙaru. Dusik, ba shi wurinka. A kawo masa rigar ruwa."

Aka kawo rigar roba mai wari, irin wadda ake zurawa ta ka. Maeng ya kama ta da yatsa biyu, ya mayar.

"Wanda ya iya aiki ba ya ɓata riga."

"To cire kwat ɗin ko," in ji Dusik. "Maɓallan nan..."

"Maɓallan nan sun girme ka, samari. Matsa."

Ya shiga tsakiyar layi, ya kama taru, ya gyara murya. Gaskiya a faɗe ta, muryar akwai ta. Ya soma da wata waƙa mai taushi, ta jirgi da farin wata da masoyiya a bakin gaɓa, ya ja baitin farko, ya ja, ya ja, mazan na tsaye da taru a sama suna jiran inda za su buga.

"Ranka ya daɗe," in ji wani daga ƙarshen layi, "masoyiyar nan za ta iso yau kuwa?"

"Sauri kuke so? To ku riƙe wandunanku!"

Sai ya juya ta koma irin waƙar da ake tsalle da ita a gidan biki. Su kuma mutanenmu, abin da mai waƙa ya ba su shi suke bi, haka aka horar da su. "Heya-ca! Heya-ca! Heya-ca!" Taru ya fara tashi sama da sauri, Maeng na fizgar sa baya yadda ake yi wa bargo, na kusa da shi dole su bi hannunsa, na kusa da su ma haka. Kifin da ya kamata ya zuba gaba ya tashi sama kamar an watsa tsabar azurfa, ya tsallake kawunansu, ya sauko mana.

'Yan uwa, ban taɓa ganin ruwan kifi irin wannan ba. A ka, a kafaɗa, a cikin riga. Kwanona ya cika ban tsinci ko ɗaya ba. Matar Bang ta kwance zanen gabanta ta tara. Wata ta aika gida a kawo baho. Masu shaguna suka fito da bokitai, mai sayar da laima ta buɗe guda ta juya ta sama. Tsuntsaye kuwa suka haukace.

"Maeng! Gaba! Gaba ake bugawa!" Kyaftin na ihu, amma ina, amshi ya danne shi.

"Kun gani?" Maeng ke cewa cikin waƙa. "Ƙura na fita!"

"Heya-ca!"

A nan ne maɓallin farko ya shiga idon taru. Na biyu ya bi shi. Kafin ya ankara duk jerin sun sarƙe, gaban kwat ɗinsa ya zama ɗaya da tarun Kyaftin Pyo. Aka ɗaga, ya tashi a kan yatsun ƙafa. Aka buga, ya rusuna wa teku.

"Ku tsaya!"

"Heya-ca!"

Kada ku ga laifinsu. Mai kakkaɓar taru idonsa a runtse yake saboda ɓawo da ruwan gishiri, kuma mai ba da waƙa duk abin da ya zo bakinsa faɗa yake yi, yunwa ce, ciwon baya ne, faɗan matarsa ne, su dai nasu amshi. Ko da yake na ga Dusik a gefe, idonsa a buɗe tar, shi ya fi kowa ɗaga murya.

"Kwat ɗina!"

"Heya-ca!"

"Maman Jinu!"

"Heya-ca!"

"Ka yi shiru kawai, su ma za su tsaya!" matarsa ke ƙwala masa kira.

Amma shiru ba ya cikin abin da Maeng ya iya. Sai da Jinu ya yar da takalmansa ya ruga ya rungume ƙugun uban yana ja baya, taru na ja gaba. Zaren maɓallan ya tsinke gaba ɗaya, tar-tar-tar. Jinu ya zauna daɓas a kan gaɓa da rabin kwat a hannu. Uban kuwa ya yi gaba da sauran rabin, ya wuce bakin dutse, ya faɗa cikin ragar da ke tsakanin jirgi da gaɓa, cikin kifin da aka tara kafin ya karɓi waƙa. Ya nutse har wuya. Wani tsuntsu ya sauka kusa da kansa, ya dube shi, ya ɗauki kifi ɗaya daga kafaɗarsa ya tashi.

 Sai muryarsa daga ƙasa:

"Kyaftin! Na duba ragar nan, tana da ƙarfi. Kuna iya ci gaba."

Dariyar da aka yi ranar, har masu jirgin da ke can bakin mashigi sun ce sun ji ta. Da ƙugiyar jan kwando aka fito da shi, ta bayan wando.

Kyaftin Pyo kaɗai bai yi dariya ba. Ya juya ya dubi bayan layi: mata sun cika gaɓa, kowace da kaya a ka, kifin da ya kwana yana nema a teku yana shirin shiga tulunan gishirin gidajen mutane. Ba shi da bakin cewa a mayar, don ko kakansa bai taɓa cewa ba. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya dubi Jinu, ya buɗe baki, kowa ya san kalmar da za ta fito. Haesun ta rufe fuska da hannu biyu.

Sai Kaka Malsun ta hau kan wani kwandon da aka kife, ta buga kwanonta da cokali.

"Matan Solpo! Ba ku da baki ne? Ɗana ya yi muku rabon kifi saboda baikon 'yarsa, har ya sa surukinsa ya raba da hannunsa, ku kuwa ko godiya babu?"

Mu ai ba yara ba ne. Matar Bang ce ta fara rangaɗa guɗa, muka ɗauka. Muka yi layi, kowace ta sauke kayanta ta rusuna.

"Kyaftin, mun gode, a yi biki lafiya!"

"Kai, rabon da a yi baiko irin wannan tun zamanin mahaifinka!"

"Hannunka a buɗe yake, Kyaftin, mun shaida!"

Ya matsa kusa da uwarsa yana magana ta cikin haƙora. "Inna, wane baiko? Ni ban ce na bayar ba."

"To hau kwandon ka gaya musu," in ji ta. "Ka ce ba kyauta ba ce. Ka ce kai, Pyo, da hankalinka, ka ɗauki tarunka ka danƙa wa mai guga, don ka kunyata baƙo. Gobe kafin rana ta fito labarin ya kai duk tashoshin gaɓar nan."

"Inna, kin ga mutumin nan kuwa?"

"Na gan shi, har kwano muka ja. Ba shi za ta aura ba. Dubi wancan."

Kyaftin ya duba. Jinu ya riga ya zura rigar robar da ubansa ya ƙi, ya shiga gurbin da aka bari a layi, yana riƙe da taru a karkace, yana tambayar Dusik ta ina ake kamawa. Bai iya ba ko kaɗan. Bugun farko kifi ya mare shi a ido, bai saki ba.

Tsoho Bang ya iso da hannu a miƙe. "Pyo, ashe abin arziki ake yi ba ka gaya mana ba? Yaushe ne ranar?"

Kyaftin ya kalli hannun. Ya dubi 'yarsa, wadda ta buɗe yatsu tana leƙensa. Ya saki wani dogon numfashi.

"Bayan kaka," ya ce. "In an gama da kifi."

Abincin da aka shirya a ci cikin ɗaure fuska, sai ga shi an ci shi tare da rabin mutanen gari a tsakar gida, kowace mace ta kawo abin da ta dafa da nata rabon: wani da yaji a tukunyar ƙasa, wani gasashshe, wani ɗanye da tsami ana naɗe shi a ganyen latas. Maeng na zaune a wurin manya, an wanke shi, an zura masa tsohon wandon Kyaftin wanda ya kai masa har ƙirji. Har yanzu in ya juya kai sai ɓawon kifi ya yi walƙiya a bayan kunnensa.

Ya karkato wajen matarsa, da raɗar da duk tsakar gidan ta ji. "Me na gaya miki? Yini ɗaya bai cika ba."

"Ci shinkafarka, Baban Jinu."

"Suruki," ya juya ga Kyaftin, "kada ka ji komai, yanzu an zama ɗaya. Duk shekara in kifi ya shigo zan rufe shago in zo in kama muku. Badi ma da wuri zan zo, in bi ku cikin teku."

Cokalin Kyaftin ya tsaya a hanya. Mazan jirgi suka daina tauna. Mu kuwa matan da ke bakin murhu, sai muka hau tafi.

"Ka zo, Maigida Maeng! Ka zo mana!"

"Mu za mu biya maka kuɗin mota!"

Kyaftin Pyo ya ajiye cokalin a hankali, ya kama hannun surukinsa da hannu biyu, ya ce, "Suruki, tafiyar da nisa, kuma kai babban mutum ne. Ka yi zamanka. Duk shekara in kifi ya shigo, ni da kaina zan aiko maka da shi har shago."